Muhawara: Ina iyakar bin al'adar majinyaci a ɗakin jinya da ɗakin haihuwa?

Malama Asabe:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya da sauran mambobin wannan zaure. Ina koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma akwai wata buƙata da suke yawan kawo mini wadda nake son jin ra'ayinku a kanta. Suna so a rubuta musu jeri na ƙabilu da addinai, a gaban kowanne a faɗi abin da mutanensa suke so da abin da suke ƙi idan sun kwanta a asibiti, domin su haddace su shiga jarrabawa da shi, daga baya kuma su yi aiki da shi. Buƙatar tana da dalili, domin aikin jinya a yau ya zama aikin cuɗanya da baƙi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa nas ɗaya cikin kowane takwas yana aiki ne a ƙasar da ba a can aka haife shi ko aka horar da shi ba, ga kuma majinyatan da hijira da neman abinci suka watsa ko'ina. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta da wannan jeri ba, domin ina ganin zai sa ɗalibi ya yanke wa mutum hukunci tun kafin ya buɗe baki. Tambayata kashi biyu ce: shin a koyar da irin wannan jeri, kuma idan al'adar majinyaci ta ci karo da abin da muka karanta, a ina ya kamata ma'aikaci ya tsaya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ina bayan ɗaliban nan, ko da ba gaba ɗaya ba. Wanda ya yi aikin dare a ɗakin gaggawa ya san cewa ba kullum ake samun sararin zama a yi hira da majinyaci ba, kuma akwai abubuwan da rashin saninsu tun farko yakan jawo matsala babba. Mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah ba sa karɓar ƙarin jini, saboda haka idan aka kawo ɗayansu yana zubar da jini dole tunaninka ya riga hannunka. Allurar heparin da ake yi don hana jini daskarewa, yawancinta daga hanjin alade ake samo ta, kuma akwai Musulmi da Yahudawa da masu ƙin cin nama da za su so a gaya musu kafin a yi musu. Mai ciwon sukari da yake allurar insulin yana iya ɗaukar azumin Ramadan bai gaya wa kowa ba, duk da cewa addini ya ɗauke wa maras lafiya, sai dai a kawo shi sukarinsa ya faɗi. Nas ɗin da bai taɓa jin waɗannan abubuwa a aji ba, ta yaya zai san ma akwai abin tambaya?

Hajiya Ladidi:
Malam Habu, jimlarka ta ƙarshe ita ce amsar, sai dai ta fi goyon bayan Malama Asabe fiye da kai. Amfanin wannan ilimi shi ne ya koya wa ma'aikaci abin da zai tambaya. Ranar da ya mayar da shi amsa, ya daina tambaya, ya shiga kuskure. Ko su Shaidun Jehobah da ka ambata, abin da suka haɗu a kai shi ne ƙin jini ɗungurungum da manyan sassansa, amma ƙananan sinadaran da ake cirewa daga jini an bar wa kowa ya yanke wa kansa, don haka mutum biyu daga coci ɗaya suna iya ba ka amsa biyu.

Na daɗe ina karɓar haihuwa, kuma abin da na fi gani shi ne mata biyu masu yare ɗaya da addini ɗaya, ɗaya tana so mijinta ya tsaya a kanta har jariri ya faɗo, ɗayar kuwa ko ƙofar ɗakin ba ta so ya kusanto, uwarta take nema. Shi ya sa nake yin tambayoyina tun a wajen awo, lokacin da mace take cikin hayyacinta, in rubuta a bayan katinta. Nakan tambaye ta wa take so ya shiga da ita, ko tana da damuwa idan ma'aikaci namiji ne zai duba ta, a wane yanayi ta haihu a baya kuma yaya take so wannan karon, me ake yi da mabiyiya a gidansu, kuma idan aka kai ga maganar tiyata wa take so a kira a yi shawara da shi. Wannan ba ya cin minti biyar, amma yana hana rigimar da za ta ci awa guda da tsakar dare.

Wannan tunani ba nawa ba ne ni kaɗai. Wata nas 'yar ƙabilar Mawori a ƙasar Niyu Zilan, Irihapeti Ramsden, ta yi shekaru tana fafutukar cewa majinyaci ne yake da ikon faɗin ko kulawar da aka yi masa ta mutunta shi, ba ma'aikacin da ya yi ta ba, kuma a 1992 hukumar aikin jinya ta ƙasar ta shigar da wannan cikin jarrabawar nas-nas da ungozomai. Abin da ya burge ni a tsarinta shi ne ta ce ma'aikaci ya fara da binciken tasa al'adar da irin ikon da farar riga ta ba shi a kan wanda yake kwance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sista Rahila:
Na gode, Hajiya, na ƙaru sosai. Ina so in ƙara da cewa duk waɗannan tambayoyi suna tsaye ne a kan abu ɗaya, wato ku fahimci juna da majinyaci, kuma a nan ne aikinmu ya fi rauni. A wani asibiti da na yi aiki, idan aka kawo wanda ba ma jin yarensa, duk wanda ke kusa shi ake kamawa ya yi tafinta: mai shara, ɗan rakiyar majinyacin gado na gaba, ko ɗan majinyaciyar da bai gama firamare ba. Na ga an tsayar da yarinya ƙarama tana fassara wa mahaifiyarta tambayoyi a kan jinin al'ada da ɓarin da ta yi a baya. Uwar ta sunkuyar da kai tana amsa komai da kalma ɗaya, yarinyar tana kallon ƙasa, ma'aikaciyar kuwa tana cike takarda kamar ta samu abin da take nema. Tarihin da aka rubuta a ranar ba shi da wata daraja, amma a kansa aka ɗora magani.

Miji ma ba tafinta ba ne, komai kyawun niyyarsa. Zai taƙaita abin da yake ganin bai da muhimmanci, zai ɓoye abin da yake jin kunyarsa, kuma idan shi ne sanadin raunin da ke jikinta, to an rufe mata ƙofar magana ke nan. Haka kuma sa hannu a takardar amincewa da tiyata ba amincewa ba ce idan ba a yi wa mutum bayani cikin yaren da yake ji ba. Abin da nake yi ko da akwai tafinta shi ne in sa majinyaci ya maimaita mini da bakinsa yadda zai sha maganin, ƙwaya nawa, sau nawa, kafin abinci ko bayansa, domin gyaɗa kai sau da yawa ladabi ne kawai.

Malam Habu:
Sista, ban musa ko ɗaya ba, amma wa zai biya tafintan? Rahoton 2020 da Malama ta ambata ya ce duniya tana da giɓin nas-nas kusan miliyan 5.9, wani rahoton na 2021 kuma ya ce ana buƙatar ƙarin ungozomai 900,000. Ungozomar da take ita kaɗai a kan mata shida masu naƙuda ba rashin tarbiyya ne ya hana ta zama ta saurari kowacce ba. Ina jin tsoron mu ɗora wa ƙaramin ma'aikaci nauyin da na hukuma ne.

Dakta Tijjani:
Malam Habu ya taɓo wurin da nake so in shiga. Kalmar al'ada takan zama maɓoyar gazawarmu. Idan mace ba ta zo awo ba sai mu ce al'ada ce, alhali wataƙila nisa ne, ko kuɗin mota, ko tsawar da aka daka mata a zuwan farko. Ku dubi ƙasashen da ba su da ƙarancin kayan aiki. A Birtaniya, binciken da ake yi a kan mutuwar mata masu ciki da masu jego ya nuna a rahoton 2019 cewa haɗarin mutuwar baƙar mace ya kai kusan ninki biyar na farar mace, kuma ko da adadin ya sauko a rahotannin baya, bai daina ninkawa ba. A Amurka bambancin ya kai kusan ninki uku, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar macen da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa ta dalilin ciki. Babu wata al'ada ta waɗannan mata da za ta bayyana wannan. Abin da ake yawan samu idan aka bi diddigi shi ne mace ta yi ƙorafi ba a ɗauke ta da muhimmanci ba har lokaci ya ƙure.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi ilimin kansa. Yawancin littattafan da muka karanta da hoton farar fata aka rubuta su, sai a ce ka duba ko fata ta yi ja, ko ta koma shuɗiya, ko ta yi fari. A jikin baƙin mutum gyambon kwanciya ba ya fara da ja, yakan fara da wuri ya yi duhu ko ya yi tauri ko ɗumi fiye da kewayensa, kuma sai ka taɓa da hannu za ka gane. Ƙarancin jini a cikin fatar ido da tafin hannu da harshe ake nemansa, shawarar jariri kuma a farin ido da dasashi. Ita kanta na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a Disambar 2020 ya nuna cewa takan nuna adadi mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa a jini, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙaƙen majinyata kusan ninki uku. Malama, idan za a ba ɗalibai wani jeri su haddace, wannan shi ne wanda ya cancanta.

Malama Asabe:
Likita, na karɓi wannan, kuma zan shigar da shi darasin duba majinyaci. Sai dai kashi na biyu na tambayata yana nan. Mun tambaya, mun saurara, sai majinyaci ko danginsa suka nemi abin da muka san zai cutar. Hajiya, ke da kika fi mu daɗewa a ɗakin haihuwa, yaya kike yi?

Hajiya Ladidi:
Malama, abin da na lura shi ne mafi yawan abin da muke faɗa da mutane a kansa ba ya cutar da kowa, saba wa tsarinmu kawai ya yi. Haihuwa a rigingine a kan gado mai tsawo sauƙin ma'aikaci ce, ba dokar jikin mace ba. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ce mace mai naƙuda ta samu wanda ta zaɓa ya zauna da ita, ta yi tafiya idan tana so, ta ci ta sha idan ba ta cikin haɗari, kuma ta haihu a yanayin da ta zaɓa, a tsugune ko a durƙushe ko a kwance. Ƙasar Peru ta ga matan ƙabilun tsaunuka suna guje wa asibiti, sai ma'aikatar lafiyarta ta fitar da ƙa'ida a 2005 da ta amince da haihuwa a tsaye ko a tsugune a cibiyoyin gwamnati, tare da barin dangi su shiga da kuma mayar wa iyali mabiyiya. A arewacin Kanada an daɗe ana ɗaukar matan ƙabilar Inuwit a jirgin sama makonni kafin haihuwa a kai su birane masu nisa su haihu cikin baƙi, har aka buɗe ɗakin haihuwa a garin Puvirnituq a 1986 aka fara horar da 'ya'yan al'ummar su zama ungozomai.

Sai abin da yake buƙatar ciniki. Madeleine Leininger, nas ɗin Amurka da ta kafa fannin jinya mai la'akari da al'adun majinyata tun shekarun 1950, ta raba aikin gida uku: abin da za a bari, abin da za a daidaita, da abin da za a taimaki mutum ya sauya. Wankan jariri misali ne mai kyau. Shawarar Hukumar Lafiya ita ce a jinkirta shi awa 24 don kada sanyi ya kama jariri, amma ita da kanta ta ce idan al'ada ba za ta bari ba, a jinkirta aƙalla awa 6. A wurare da yawa na duniya ana shafa wa cibiya toka ko kashin shanu ko mai, kuma daga nan tsinkau-tsinkau yake shiga. Idan ka ce wa kaka kada ta shafa komai, za ta amsa da to, ta koma gida ta shafa. Idan ka ba ta klohezidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka ce ga abin da za a shafa, hannunta ya samu abin yi, cibiya kuma ta tsira. Dakashi ma haka: ana zubar da shi a al'ummomi da dama saboda ana ganin gurɓataccen nono ne, kuma wadda ya kamata a shawo kanta tun a wajen awo ita ce tsohuwar da za ta zauna da mai jego.

Amma akwai inda babu ciniki. Ba zan yi wa yarinya kaciya ba ko da an ce gara a yi a asibiti da tsabta, ba kuma zan sake ɗinke matar da aka yi wa irin kaciyar nan mai rufewa ba bayan ta haihu. Mace mai jijjiga ko mai zubar jini ba a jiran a gama taron dangi a kanta.

Maman Sadiƙ:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, uwa ce, kuma ina neman afuwa idan na shiga maganar manya. Hajiya, da a ce kowace ungozoma irinki ce da ba a yi wannan muhawara ba. Abin da yake damuna shi ne har yanzu ku ne masu raba abin gida uku, ku ne masu cewa wannan ba ya cutarwa, wancan yana cutarwa. A haihuwata ta fari an yi mini ƙari, wato an yanka ni don a faɗaɗa hanyar fitowar jariri, ba tare da an gaya mini ba, sai da ake ɗinki na sani, kuma da na yi tambaya aka ce in yi shiru in gode wa Allah. Ba al'adata aka taka a ranar ba, ni kaina aka taka. Macen da aka yi wa haka, idan ta ƙi komawa asibiti a ciki na gaba, sai a rubuta cewa jahilci ne ya hana ta.

Hajiya Ladidi:
Ƙanwata, ba ki shiga maganar manya ba, maganar taki ce, kuma Allah Ya ba ki haƙuri. Abin da aka yi miki ya saɓa wa ƙa'idar aikin kanta: ba a yi wa mace ƙari sai da dalili, kuma sai an gaya mata ta yarda. Yawan irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman a 2014 a kan wulaƙanci da cin zarafin mata a ɗakin haihuwa. Game da wanda yake rabawa, ilimin abin da ke cutarwa yana hannunmu, wannan gaskiya ne, amma jikin naki ne, don haka aikinmu mu faɗa miki abin da muka sani da dalilinsa, ke kuma ki yanke.

Dakta Tijjani:
Ina so in tsaurara wannan kaɗan, domin ɗalibai suna rikicewa a nan. Baligi mai hankali da aka yi masa cikakken bayani yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun tabbatar da haka. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu tambaye shi shi kaɗai, ba a gaban waɗanda yake jin nauyinsu ba. Yaro kuwa hukuncinsa daban ne, domin kotuna a ƙasashe da dama sun ba da izinin yi wa yaro ƙarin jini duk da ƙin iyayensa. Haka nan idan dangi suka ce kada a gaya wa dattijo cewa ciwon daji ne yake damunsa, ba za mu yi masa ƙarya ba, ba kuma za mu afka masa da labarin ba. Shi za mu tambaya tun kafin sakamako ya fito: kana so a gaya maka komai, ko akwai wanda kake so ya karɓa a madadinka? Idan ya wakilta babban ɗansa, wannan ma zaɓinsa ne.

Malam Habu:
Duk da ina nan a kan bakana game da ƙarancin ma'aikata, akwai misalin da yake goyon bayan Hajiya wanda ya kamata a ambata. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini da Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000, wankan gawa da taɓa ta suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwar cutar. Da farko an riƙa ɗauke gawarwaki ba tare da dangi sun ga inda aka kai su ba, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya suna binne matattu da dare. A ƙarshen 2014 aka fitar da sabon tsari tare da shugabannin addinin Musulunci da na Kirista, wanda ya ba dangi damar tsayawa daga nesa su yi addu'a su ga kabari, aka kuma amince da taimama a madadin wanka ga gawar Musulmi. Ba a sassauta dokar hana taɓa gawa ba ko kaɗan. Malawi ma ta haramta aikin ungozomar gargajiya a 2007, matan karkara da yawa suka ci gaba da zuwa wurinsu a ɓoye, sai aka janye haramcin a 2010.

Malama Asabe:
Na gode muku duka. Ba zan ba su jerin ƙabilu ba. Zan ba su tambayoyin Hajiya, da alamomin cuta a baƙar fata da Likita ya lissafa, da abubuwan da Malam Habu ya kawo a matsayin dalilan yin tambaya, sannan in sa su gwada ɗaukar tarihin majinyaci ta bakin tafinta a cikin aji. Maganar Maman Sadiƙ kuwa, idan ta amince, zan karanta musu ita yadda ta rubuta ta ba tare da suna ba.

Maman Sadiƙ:
Na amince, Malama.

Sista Rahila:
Hajiya, saura tambaya ɗaya ta aiki. Idan mace ta faɗi abin da take so a wajen awo aka rubuta a katinta, amma ta zo naƙuda a hannun wata ma'aikaciyar da ba ta san da maganar ba, yaya kike tabbatar da cewa an bi?

Hajiya Ladidi:
'Yata, kati kaɗai ba ya isa, domin mai karɓar haihuwa da dare ba ta cika juya bayansa ba. Nakan rubuta abin a shafin farko na fayil da jan biro, kusa da rukunin jini, inda dole ido ya faɗa. Nakan faɗe shi da baki lokacin miƙa aiki, a gaban gadon matar, tana ji, domin ta gyara idan ta sauya ra'ayi. Sannan nakan gaya wa 'yar rakiyarta tun farko cewa tana da izinin tunatar da duk wadda ta karɓe ni, kuma idan aka ƙi saurarenta ta nemi shugabar ɗakin.